Madubin da Ba A Duba Fuska da Shi

Lokacin da muke tasowa a Adogi, duk abin da ake son a san cikinsa da hannu ake tambayarsa, ko da harshe, ko da ido. Mai sayen doya ya ɗaga ta ya jinjina. Mai sayen riɗi ya damƙa, ya murza, ya hura, ya ga yawan yashin da aka bari. Gishirin Keana da na Awe ɗanɗanawa ake yi. Idan yaro ya faɗo daga kan mangwaro, maɗori ne zai bi hannun da yatsunsa a hankali yana kallon fuskar yaron, inda ya ga ya zabura, to nan karayar take. Ban raina wannan sani ba, don shi ya riƙe kakanninmu shekaru aru-aru. Sai dai iyakarsa fata ce da ɓawo. Abin da ke can ciki kirdado ake yi, in an dace a gode wa Allah.

Dutse ma haka ake yi masa. Masu zuwa haƙa wajen Azara, a ƙasar Awe, sukan dawo da farin dutsen nan mai nauyin tsiya, barait, su ba mu mu ɗaga mu ji yadda ɗan ƙanƙanin abu ke rinjayar hannu. Kamfanonin haƙar man fetur ne ke buƙatarsa, suna niƙa shi su haɗa da taɓon da suke zubawa cikin rijiyar mai, kuma wanda suka fi so shi ne wanda ya ninka ruwa nauyi wajen sau 4.2. Mai haƙa ya san nauyin a tafin hannunsa. Lambar kuwa tana wurin mai saye, kuma da lambar ake yanke farashi.

Hasken eksire ta ƙofar asibiti ya fara shigo mana. Wanda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce a kai shi Lafiya a yi masa hoton ƙirji. Ina tuna yadda likita ke ɗaga baƙar takardar nan mai santsi ya saita ta da taga, haƙarƙari su fito fari-fari a jere, ya nuna wani ɗan hazo da bakin biro, dangi kuma su matso suna leƙe, kowa ya yi tsit. A idonmu a lokacin babu abin da ya kai wannan mamaki. Amma in aka tambayi masana, za su ce inuwa ce kawai. Haske ya ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi, abin da ya rage ya faɗa kan takarda. Haka Wilhelm Röntgen ya yi a garin Wurzburg na Jamus, bayan ya gano hasken a ranar 8 ga Nuwamba 1895: ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito. A irin wannan hoto ba a tanƙwara hasken ba, ba a tara shi wuri guda ba. An sake shi ne ya wuce yadda ya ga dama.

Tarawar ita ce ta gagari masana fiye da shekara hamsin. Hasken rana mai sauƙin hali ne, gilashin ƙara girma na tattara shi har ya ƙona takarda, madubin ɗaki na mayar da shi. Eksire bai san wannan ladabi ba. Tazarar igiyarsa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nanomita ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wato girmanta ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, shi ya sa in ya tunkari madubi gaba da gaba sai ya shige ciki ya ɓace, ko ya ratsa ya fita. Sai a 1923 Arthur Compton na Amurka ya nuna cewa akwai hanya guda. Duk wanda ya yi wasa a bakin rafi ya san ta: ka saki tsingaro daga sama ya nutse, ka wurga shi a kwance ya shafi fuskar ruwa ya yi tsalle ya wuce. Idan eksire ya zo wa madubi a kwance sosai, a kusurwar da yawanci ba ta kai digiri ɗaya ba, zai shafe shi ya tashi kusan gaba ɗayansa. A kan silikon kusurwar wajen kashi biyu cikin goma na digiri ce ga hasken da aka fi aiki da shi. In an shafa wa madubin ƙarfe mai nauyi kamar zinariya ko filatinam ko iridiyam, sai ta ɗan ƙaru. Saboda haka madubin eksire ba ya kama da wanda muka sani. Doguwar sanda ce siririya, ko bututu, hasken na bin tsawonta.

A 1948 mutum biyu a Jami'ar Stanford, Paul Kirkpatrick da ɗalibinsa Albert Baez, suka jera madubai biyu masu ɗan lanƙwasa, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Na farko ya matse hasken daga sama da ƙasa, na biyu ya matse shi daga dama da hagu, sai ya taru a ɗigo guda. Har yau da sunansu ake kiran wannan tsari, kuma shi ne ƙashin bayan yawancin manyan ɗakunan gwaji. Baez ɗin nan haifaffen Puebla ne a ƙasar Meziko, kuma daga baya ya je Bagadaza ya taimaka wajen kafa koyar da kimiyyar fiziya a can, sannan ya riƙe sashen koyar da kimiyya na UNESCO a shekarun 1960. Nakan ambaci wannan don yaranmu su ji cewa ba a gadon wannan sana'a. A 1952 kuma Hans Wolter na Jamus ya zana wani tsari na madubai masu siffar bututu, wanda daga baya masu binciken taurari suka ɗauka.

Su dole ne su fita sama, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye eksiren da ke zuwa daga taurari, wanda rahama ce gare mu. A ranar 23 ga Yuli 1999 Amurka ta harba na'urar hangen nesa mai suna Chandra, ɗauke da madubai huɗu masu tagwaye, an zura ƙarami cikin babba, mafi girman faɗinsa mita 1.2, duka an shafa musu iridiyam. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne masana'antar da ta goge su, a garin Danbury. Ita ce dai ta goge babban madubin na'urar hangen nesa ta Hubble, wanda bayan an harba shi a 1990 aka gano gefensa ya kauce da wajen kashi biyu cikin dubu na milimita. Masu gugar ba su yi kasala ba. Sun goge shi tsaf, amma na'urar da suke auna shi da ita ce aka saita ba daidai ba, don haka suka bi ma'auni mai kuskure sau da ƙafa. Sai a 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara. Da aka zo kan Chandra, awo aka bai wa muhimmanci kamar guga, ana gwada sakamakon wata hanya da na wata.

Inda abin ya kai ƙololuwa, a ganina, shi ne Japan. A Jami'ar Osaka, Yuzo Mori da ɗalibansa, musamman Kazuto Yamauchi, sun shafe shekaru da dama suna gyara wata hanyar guga wadda ba a kankare komai da ƙarfi. Ana nutsa sandar silikon cikin ruwa mai tsananin tsabta, a riƙa kora mata ƙura mai laushi ƙwarai. Ƙwayar ƙurar ta taɓa fuskar madubin, ta manne da ƙwayar zarrar da ta fi ɗagowa, ruwa ya tafi da su duka. A fito da madubin a auna shi da haske, kwamfuta ta zana taswirar tudu da kwari, a mayar da shi cikin ruwa a tsaya daidai kan kowane tudu gwargwadon tsayinsa. A sake aunawa, a sake komawa. Madubin da tsawonsa ya kai mita ɗaya yakan fito da kuskuren da bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba. In aka faɗaɗa shi ya kai nisan Legas zuwa Maiduguri, wajen kilomita 1,200 a miƙe, tudun da ya fi kowanne tsayi a kansa ba zai kai milimita 3 ba. A 2010 wannan ayari ya ba da rahoton matse eksire zuwa faɗin nanomita 7 a cibiyar SPring-8 da ke lardin Hyogo. Duk lokacin da na karanta wannan sai na ga babu wani sihiri a ciki. Haƙuri ne, da tsabta, da wutar lantarkin da ba ta ƙiftawa, da kuma ma'aikacin da aka bar shi a kan aiki ɗaya shekara talatin ana biyansa haƙƙinsa.

Irin waɗannan madubai a bakin wata babbar na'ura ake kafa su, sinkurotiron, wani zobe ne da ake tsere da ilektiron a cikinsa da gudun da ya kusa na haske, maganaɗisu na tanƙwara su, su kuma suna fesar da eksire mai ƙarfin da na asibiti bai kama ƙafarsa ba. Na birnin Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne. Madubi shi ke karɓar wannan haske ya kai shi kan ƙwayar ƙura ɗaya, ko kan wani lungu a cikin ƙwayar halitta ɗaya.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan mutumin Adogi da wannan? Ni Zamfara ce ta ba ni amsa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata su shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauran ƙauyuka. Ƙasar tsakar gidan in ka kalle ta ba ta da bambanci da ta kowane gida. Ido bai gani, harshe bai ji. Abin da ya tona asirinta wata 'yar na'ura ce ta hannu mai harba eksire. A dafa bakinta a ƙasa, a danna, kowane sinadari da ke wurin ya mayar da nasa hasken na daban, kamar yadda Henry Moseley ya gano tun 1913, sai lamba ta fito. Ƙa'idar Amurka a lokacin ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a inda yara ke wasa. A wasu gidajen an samu fiye da 100,000. Da wannan na'ura aka bi gida-gida ana kwashe ƙasar sama ana zuba sabuwa, har aka kai Bagega a 2013.

Amma akwai tambayar da na'urar hannu ba ta iya amsawa: me ya sa wannan dalma ta yi kisa haka? Sai da aka kwashi samfuri zuwa ɗakunan gwaji na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, aka duba ƙurar ƙwaya-ƙwaya, aka ga cewa da yawa daga dalmar ta riga ta rikiɗe daga dutsen tozali zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a ruwan cikin yaro. Yawan abu daban, siffar da yake ciki daban. Na'urar hannu ba ta da madubi, tana haska fili mai faɗin milimita da yawa ta ba ka matsakaici. Sanin abin da ke cikin ƙwaya guda sai an tara haske a kanta. Kuma shekara biyar bayan Zamfara, a 2015, irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Yanzu na'urar hannun nan ta iso jiharmu ta Nasarawa, amma a hannun masu saye. Na tsaya a wani wurin sayen ma'adinai na ga wani saurayi ya sauke buhunsa, ƙura ta yi masa fari har gashin ido. Mai saye ya ɗebi kaɗan a leda, ya dafa mata abin da samarin ke kira bindiga, ya juya fuskar na'urar wajen ƙirjinsa ya duba. Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ta nuna?" Ya ce masa, "Kai dai kayanka ba su da ƙarfi." Ya ƙirga masa kuɗi. Saurayin bai da inda zai kai buhun a sake gwadawa, kuma kuɗin mota na jiransa. Addininmu da al'adarmu duk sun tsananta a kan tauye mudu, amma mudun da muka sani kowa na ganin bakinsa. Wannan kuwa mutum ɗaya ke kallonsa.

Ga kuma wani abu da ya kamata masu haƙa su sani, tunda litiyam ne ake rububinsa yanzu, har an buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a ƙaramar hukumar Nasarawa a watan Mayun 2024. Bindigar eksire ba ta ganin litiyam kai tsaye. Shi ne sinadari na uku a rashin nauyi, hasken da yake mayarwa ba shi da ƙarfin da zai kai ga idon na'urar. Tana iya ganin kuza da tantalam da rubidiyam da ke tafiya tare da shi, daga nan a yi hasashe. Tabbatar da yawansa sai da wata na'ura mai aiki da leza ko gwajin sinadarai a ɗakin gwaji. Sanin ko dutsen sifodumin ne ko lefidolait kuwa, wanda farashinsu ba ɗaya ba ne, aikin wata na'urar eksire ce da ke karanta yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin dutse, bisa hanyar da Max von Laue da Bragg uba da ɗa suka buɗe a 1912 da 1913. Da yawa daga irin waɗannan na'urori na zamani suna ɗauke da ɗan ƙaramin madubi a ciki, wanda aka yi da ɗaruruwan shimfiɗu na sinadari mai nauyi da marar nauyi, kowace kaurinta 'yan nanomita. Nan ne madubin Osaka da buhun saurayin nan suka haɗu.

Cututtukanmu ma ta wannan hanya aka ga siffarsu. Max Perutz ya shafe fiye da shekara ashirin a Kambirij kafin ya fitar da siffar furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wanda ɗan canji guda a jikinsa ke haddasa amosanin jini, cutar da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu fama da ita. Dorothy Hodgkin, wadda ta gano siffar fenisilin da eksire, tana Gana labarin kyautar Nobel ya riske ta a 1964. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganewa a 1969 aka kuma raɗa masa sunan wani gari a Borno, sai a 2017 Kathryn Hastie da Erica Ollmann Saphire suka fitar da siffar ƙahon da ƙwayar cutar ke kama jikin mutum da shi, bayan wajen shekara goma suna fama. Da sinadarin garkuwa daga jinin wani ɗan Afirka ta Yamma da ya warke suka yi aikin, amma a Amurka aka haska shi. Masu neman rigakafi da wannan siffa suke aiki. Ina gode musu da zuciya ɗaya, kuma abin yana yi mini ciwo cewa cutar a gidajenmu take kowane rani, hasken duba ta kuwa babu shi a duk faɗin Afirka. Ita kaɗai ce nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da sinkurotiron ko ɗaya.

Ba daga sifiri za mu fara ba. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake tantance sinadaran dutse da ƙasa da abinci da ita, aka kuma sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin haɗari a 2018. A Kaduna akwai ɗakunan gwaji na hukumar binciken ƙasa ta tarayya. A Keffi akwai jami'ar jiha, a Lafiya akwai ta tarayya tun 2011, duka suna yaye ɗaliban fiziya da kimiyyar sinadarai. Amma kowa ya san abin da ke faruwa da na'ura mai tsada a ƙasar nan: a sayo ta da biki, wuta ta yi wasa ta ƙona wani sashe, babu wanda aka horar ya gyara, babu kasafin sayen kayan gyara, sai a lulluɓe ta da leda.

Wasu da ba su fi mu sauƙin hali ba sun wuce wannan mataki. Burazil ta gina nata zoben na farko da hannun 'ya'yanta, ta buɗe shi a 1997 a Campinas, kuma waɗanda suka koyi aiki a kansa su suka gina sabon zobe mai suna Sirius, wanda ke sahun gaba a duniya yau. A Jodan an buɗe zoben SESAME a watan Mayun 2017, da gudummawar tsohuwar na'ura daga Jamus, kuma cikin ƙasashen da suka haɗa hannu akwai Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Pakistan da Turkiyya, waɗanda a wasu wuraren ko gaisawa ba sa yi. Tun 2019 da hasken rana ake kunna shi. Afirka ta Kudu ta shiga cikin masu amfani da na Grenoble tun 2013. Masana na Afirka sun yi taron farko a kan gina namu a Nuwamban 2015, kuma a Grenoble ɗin suka yi shi.

Ba na cewa a gina sinkurotiron a Lafiya gobe. Roƙona ga gwamnatin Jihar Nasarawa da jami'o'inmu biyu ya fi wannan kusa. A kafa ɗakin gwajin ma'adinai na jama'a, mai wutar rana tasa ta kansa, da ma'aikatan da aka horar a kan gyara ba a kan dannawa kawai ba, inda mai haƙa daga Azara ko Udege zai kai dutsensa ya biya kuɗi kaɗan a ba shi takarda kafin ya je wurin mai saye, inda kuma ma'aikacin lafiya zai kai ƙasar tsakar gida daga garuruwan da ake niƙa dutse a duba ta kafin yara su fara jijjiga. A riƙa tura ɗalibai biyu ko uku kowace shekara zuwa Jodan ko Grenoble su koyi aikin haske da madubi, da sharaɗin akwai aikin da ke jiransu in sun dawo. Kuɗin wannan ya fito daga abin da jihar ke samu a kan duwatsun nan, kuma 'yan majalisarmu na Lafiya su nemi a sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa.